Sifirin da Kawu Ya Sa Mini

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Kawu, wan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke nan Suleja, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo.

Ban san garin nan na da 'yan acaba haka ba sai ranar. Babura suka cika layin tun daga bakin titi har ƙofar gida. Masu a-daidaita-sahu suna ta mita an toshe musu hanya, in aka gaya musu wanda ya rasu sai su yi shiru, wasu ma su kashe inji su fito. Wani tsohon manomi ya taso tun daga Izom da ƙullin doya a kan babur, ya ce shi abin da yake da shi ke nan. Ya dafa ƙugunsa ya ce, "Ba don Allah ya haɗa ni da mutumin nan ba, da tuni ƙugun nan ya ajiye ni a ɗaki."

Maƙwabcin garejinsa, mutumin kudu mai sayar da kayan gyara, ya rufe shago ya zo ya zauna a gefen tabarma. Ana addu'a yana riƙe da hularsa, ya rasa ko ya ɗaga hannu ko ya bari. Da aka shafa ya matso kusa da ni, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Shekara ashirin ni da Baba, kullum faɗa. In na kawo kaya jabu, zai juya shi haka, ya ce, 'Oga, mayar.' Ko sau ɗaya bai ɗaura wa mutum ba. Wallahi e pain me, mutuwar nan ta yi mini ciwo."

Amma maganar da ta hana ni sakat a cikin gida aka yi ta. Da za a fito da gawa, ƙanin Kawu ya tsaya a tsakar gida ya roƙi mata, duk wadda mamacin ya taɓa yi wa laifi ta yafe masa. Aka yi ta cewa an yafe, an yafe. Sai Inna, mahaifiyata, ta ɗaga murya daga ƙofar ɗaki ta ce, "Na yafe masa abin da ya yi wa yaron nan. Duniya da lahira na yafe." Mata suka ce Allah ya ba ta lada. Yaron nan ni ne, da shekarata talatin da huɗu; ni ne ɗanta na fari, shi ya sa ba ta kama sunana. Ina tsaye riƙe da gefen makara, ina dogarawa a kan ƙafata ta hagu, wadda ta fi ta dama gajarta tun shekara huɗu da suka wuce. Inna tana ganin Kawu ne sanadin ƙafar nan. Kawu bai yi mini komai ba. Na sani, shi ma ya sani, ita ce ba ta sani ba, kuma ni na bar ta a haka.

Kawu bakaniken babur ne, amma in ka kai masa injin da ya ƙi tashi sai ya nuna maka rumfar gaba. Shi aikinsa shokazoba da sifirin, wato abin da ke tsakanin taya da mazaunin mutum. Yana saurayi ya yi aiki da wani kamfanin yin hanya, lokacin da ake fasa dajin da ya zama Abuja, yana kula da baburan daji da masu awon ƙasa ke hawa. Can ya saba da tef ɗin awo, ya dawo da shi garin da ba wanda ke auna komai a jikin babur.

A wurinmu babur abin dako ne. Buhun masara biyu da mai masarar, ko mace da goyo da kwandon tumatir, ko ƙartai uku masu saurin kama motar Abuja. Don haka duk bakaniken da ka kai wa kukan babur yana dukan ka a rami, magani ɗaya ya sani. Ya ɗauki guduma da guntun ƙarfe, ya yi ta buga zoben da ke saman sifirin har ya matse shi ƙarshe, ya ce maka, "Na ƙara masa ƙarfi." Kai ma ka danna kushin da hannu, ka ji shi kamar benci, ka tafi kana sa albarka.

Kawu kuwa ba ya taɓa babur sai ya ga mai shi a kai. "Hau in gani," ita ce maganarsa ta farko bayan amsa sallama. In ka aiko da babur hannun wani, yadda ya zo haka zai koma. Wani Alhaji mai tumbi ya taɓa aiko direbansa har sau biyu, na uku ya zo da kansa yana huci, ya tattare babbar riga ya hau a tsakiyar layi, masu shayi suna kallo. Kawu ya zagaya shi a tsanake ya ce, "To, yanzu na san da wa nake aiki." Manomin Izom kuma, da yake yana zuwa kasuwa da lodi ya koma wayam, Kawu ya ɗiga masa fenti biyu a jikin shokazoba, ja na lodi, fari na komawa gida, ya lanƙwasa masa ƙarfen murɗa zobe ya koya masa yi da kansa. Wannan ya raba mutumin da zuwa garejin, kuma Kawu ya san haka lokacin da yake koya masa.

Kada a ce don ya mutu na mai da shi waliyyi. Yana da baki, ga taurin kai. Ya taɓa korar abokinsa na ƙuruciya daga rumfa don ya ce awon nan bidi'ar Turawa ce, suka yi wata uku ba sa shan shayi tare. In yana aiki ka yi masa magana, sai ka gama tas ya ce, "Me ka ce?"

Ni tun haihuwa ba ni da jiki. A makaranta Tsinke ake ce mini, a wurin aikina na buga takardu a Abuja kuwa in hadari ya taso sai su ce a rufe taga kada iska ta ɗauke ni. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai, ban taɓa gaya wa kowa ba. Sai na gano wasu mutane da ke haɗuwa ranar Lahadi a wani tsohon ramin jar ƙasa da ke gaba da Garam, suna tsere da baburan tsalle a kan tuddai. Ranar da aka ara mini ɗaya na yi zagaye biyu, na ji a karo na farko ba wanda ya fi ni girma. Ban huta ba sai da na mallaki nawa, ɗan tokumbo da aka yi amfani da shi a ƙasar waje, dogo, ina hawa sai da tsinin yatsun ƙafa nake taɓa ƙasa.

Inna ta ce ba da yawunta ba. Ta sa mayafi ta tafi gareji da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Yaya, ka hana shi. Kai yake jin maganarka." Kawu ya ce, "Namijin da ya kai talatin ba a hana shi, ɓoyewa zai yi. Ki bar mini shi. Zan daidaita masa babur ɗin yadda ba zai yar da shi ba." Ta dube shi ta ce, "Ka ɗauki nauyinsa?" Ya ce ya ɗauka.

Washegari ya ce in zo da shirina duka: hular kwano, takalman nan masu kai wa gwiwa, rigar kariya, har gorar ruwan da nake goyawa. Na ce, "Kawu, awo ne fa kawai." Ya ce, "Tsirara kake tseren?" Haka ya tasa ni gaba da tsakar rana zuwa wurin masu sayen tsoffin ƙarafa, ya ɗora ni a sikelinsu, tsakanin mataccen janareto da tulin gwangwani. Da kayan da komai ban kai kilo sittin ba. Mai sikelin ya ce ko janareton ya fi ni daraja. Kawu bai yi dariya ba, ya rubuta lambar da alli a ƙyauren gareji.

Awo uku ya yi. Ya ɗora babur a kan kututture, tayar baya tana lilo, ya auna daga notin taya zuwa wani ɗigon fenti da ya yi a robar da ke samanta. Aka sauke, na hau, ƙafafuna a kan mataki, mai walda da mai faci suna riƙe da kan babur don kada in faɗi. Ya sa na yi sukuwa sau biyu na zauna daidai, ya sake aunawa. Ya ce irin wannan babur, in mai shi ya hau, ya kamata baya ya nutse wajen milimita ɗari. Ni da ƙyar na nutsar da sittin. Ya yi ta sassauta zoben har aka sami ɗarin, sannan ya ce in sauka, ya auna babur shi kaɗai. Wanda ya kamata ya nutse talatin da ɗoriya da nauyin kansa, sai ga shi ya zube kusan ninkin haka, zoben ma da ƙyar yake taɓa sifirin.

Ya ce, "Ka gani? Sifirin nan na wani ƙato ne a can ƙasarsu. Ko na matse ko na sassauta, ba naka ba ne. Mutum marar nauyi a kan sifirin mai tauri, tayarsa ba ta riƙe ƙasa, tsalle take yi. Ranar da ta sami rami mai kyau za ta harba ka ta gaban babur."

Mako biyar ana neman mai taushi. Maƙwabcin nan nasa ya kawo guda huɗu, Kawu ya gwada kowanne da buhunan siminti a kan wani katako, yana auna yadda yake lotsawa, ya mayar da uku. Na huɗun baƙi ne, wanda ya zo da babur kuwa rawaya ne. Ya ɗaura baƙin, ya sauya na gaba su ma, ya zuba musu mai marar kauri, muka sake awon nan uku daga farko. Da ya gamsu ya sa rawayan a leda ya miƙo mini, ya ce in ajiye ko wata rana Allah zai ba ni tumbi.

Gaskiya babur ya zama wani abu daban. Yana bin ƙasa kamar ya san ta, ina sauka daga tudu ba na jin dukan a haƙorana. Lahadi uku a jere na wuce mutanen da da nake shan ƙurarsu. A ta ukun ne wani babba a cikinmu, wanda ya ninka ni a jiki, ya zo ya danna kushin ɗina da tafin hannu, babur ya russuna. Ya ce, "Kai, ku zo ku ga katifa! Wannan ai na kai amarya ne." Kowa ya zo ya danna, ana ta shewa. Wani ya ce manyan 'yan tsere duk a kan tauri suke hawa, in ina son in zama namiji in cire abin nan. Na wuce su a fili, amma maganar ce ta bi ni gida.

Ranar Asabar na ɗauki ledar nan na tafi wurin wani bakanike a bayan tasha, nesa da layin Kawu. Bai ce in hau ba. Ya cire baƙin, ya mayar da rawayan, ya buga zobe har ƙarshe, ya ce ya ƙara masa ƙarfi. Ranar Lahadi kafin a fara na kira babban nan na ce ya zo ya danna. Ya danna bai motsa ba, ya ce, "Yanzu ka yi magana." A zagaye na biyu, a wurin wasu ƙananan ramuka da ke jere kafin babban tudu, baya ya harba ni. Na farka a asibiti da karaya a cinya da kafaɗa.

Inna ta shigo ta tsaya daga nesa. Kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta taɓa ni ba, ba ta bar ta ta yi kuka a gabana ba. Duk abin da ke cikinta sai ta juye wa Kawu, wanda ke tsaye a bakin gado. Ta ce, "Ka ce ka ɗauka, Yaya. Na ce ka hana shi, ka ce ka ɗauka. Ashe sassauta masa ƙarafa ka yi ta yi, kowa ya ce babur ɗin lagwai-lagwai yake." Kawu ya ce, "Ki yi haƙuri." Lokacin bai ga babur ɗin ba tukuna, kuma na ga a fuskarsa yana tuhumar awonsa. Idona biyu, ina jin su, na rufe ido na yi kamar allura ce ta ɗauke ni.

Bayan kwana biyu aka kai masa babur gareji. Da ya dawo duba ni da safe, ya jira har Inna ta fita, ya ja kujera ya zauna.

Ya ce, "Sifirin da na ɗaura baƙi ne."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

"Wanda na gani a jiki rawaya ne."

Na shirya wa zagi, don na san bakinsa. Sai ya ce, "Dariya suka yi maka?" Na ce e. Ya gyaɗa kai ya daɗe yana kallon ƙafar da aka rataye. Na ce, "Kawu, za ka gaya wa Inna?"

Ya ce, "Ni ba zan kai ƙarar ɗa wurin uwarsa yana kwance ba. Maganarka ce, kai za ka faɗa. Fushinta kuwa na saba da shi tun tana yawo ba ɗankwali, zan iya riƙe maka shi kafin ka miƙe."

Kafin in miƙe ya ce. Na miƙe bayan wata bakwai.

Inna ba ta yi gaba da shi ba, don tana tsoron Allah. Tana gaishe shi ranar Salla da wurin suna, gaisuwa mai sanyi, idonta a wani wuri. Ta daina aika masa dambun da take yi masa kowace Juma'a tun kafin a haife ni. Ta daina zuwa gidansa hira, ta daina kai masa shawara, shi da ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu har ya aurar da ita. Shi kuma bai fasa komai ba. Shi ya auna mini sandunan dogarawa ya yanke su daidai hammatata. Da na koma aiki, shi ya rage wa ƙaramin babur ɗin da nake zuwa aiki da shi tsawo ya fafe kushin, don gajeriyar ƙafar ta riƙa kai ƙasa. Bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ko da ido.

Ni kuwa kullum da dalilina. Da farko na ce sai na warke. Sannan na ce sai hawan jininta ya sauka. Sannan aka sa ranar aurena, na ce kada in ɓata biki. Daga baya abin ya yi tsawon da faɗarsa ta fi aikata shi muni, sai na fara gaya wa kaina ai sun saba a haka. Tsoro ne kawai, irin wanda ya kai ni bayan tasha. Da ya kwanta jinya Inna ta je sau biyu, ta zauna a bakin ƙofa, ta yi masa sannu ta tashi. Ina wurin duka biyun.

Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'ar safe an raba gumba, na shiga cikin gida na same ta ita kaɗai a ɗakin baya tana ninke tabarmi. Na durƙusa yadda ƙafar ta bari. Na ce, "Inna, akwai maganar da na riƙe." Na faɗa mata duka, tun daga dariyar ramin jar ƙasa har bakaniken bayan tasha. Na ce abin da Kawu ya ɗaura ba shi ya yar da ni ba, ni na cire shi da kaina kwana ɗaya kafin faɗuwar.

Ba ta daina ninkin ba sai da ta kai ƙarshen tabarmar. Ta ce, "Ya sani?"

"Ya sani tun ina asibiti."

"Bai faɗa ba."

"Ya ce ni zan faɗa."

Ta jingina tabarmar da bango, ta zauna a bakin gado, ta ɗora hannuwanta a cinya tana kallon su. A waje mata suna ta wanke kwanuka, wani yana neman mai babur ɗin da ya tare ƙofa. Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Kai ka ji daɗi. Ka taso ka zo, ka same ni a zaune, ka roƙa. Ni wurin wa zan je?"



Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da abin da ya riƙe mini. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya sa ƙanwarsa.